Kwalekwalen Walida

Daren jiya na yi wani mafarki, abin da ba ɗabi'ata ba ce. Mafarki sana'ar mutanen da ƙwaƙwalwarsu ba ta gama aikinta da rana ba ce, ni kuwa nakan gama nawa kafin la'asar. Ina koyar da ilimin halayyar yara a kwalejin horon malamai. Na yi digiri a kan yara, na sake ɗora wani a kansa, saboda haka zan iya faɗa ba tare da jin nauyi ba cewa a zuri'armu ba a haihuwar yaron da karatu yake gagara. Wannan jini ne, kamar yadda wasu gidajen suke gadon wushirya.

Abin da ya kawo zancen shi ne, malamar ajin 'yata ta fari ta aiko cewa yarinyar ta shekara tara amma har yanzu ba ta iya haɗa baƙi ba. Ta ba da shawara a kai ta wata cibiya inda ake gwada yara a gano abin da yake tare musu karatu. In ba a yi wani abu ba, za a sake barinta a aji uku, ta zauna da ƙannen ƙawayenta. Maiɗakina Suwaiba ta je ta karɓo rana, ranar kuwa ita ce yau da hantsi. Ni na ce babu inda za a je, na ja bargo.

Yarinyar sunan mahaifiyata gare ta, Allah ya jiƙanta, don haka a gida Walida ake ce mata. Ni ko Walidar ba na faɗa, domin 'yar fari ce, kuma an yi mini tarbiyya. In ta kama dole nakan ce "ke". Ba na tambayar lafiyarta a gaban mutane, ba na kallonta ido cikin ido. Littattafan da nake koyarwa sun cika da zancen shaƙuwar uba da ɗa, amma ba su taɓa cin karo da alkunya ba, domin su a kwaleji suke kwana, ita a gida.

Sai ga ni a wani gari ana ruwa. Daga ƙasa ruwan yake tasowa, ya bi ta ƙafar wando ya wuce sama, inda gizagizai suke tsaye baki buɗe kamar randuna. Mutanen garin sun juya laimominsu sun shiga ciki sun tsaya. Walida tana gabana da kayan makaranta, ina bin ta a baya da tazarar da ta dace.

Muka isa wani dogon gini da aka rubuta wa Ofishin Awon Yara. A bakin ƙofa akwai tebur, a bayan teburin akwai wani bunsuru da hula zanna. Na miƙa masa ɗan katina mai ɗauke da digirorina. Ya karɓa cikin ladabi ya cinye.

"Na biyun ya fi gishiri," in ji shi. "Ranka ya daɗe, ta karya?"

"Wa?"

"Wadda ka kawo."

"Wannan sashen uwarta ne."

"Ta yi barci? Akwai mai dukanta? An yi muku rasuwa ko tashin gida kwanan nan? Mu ba ma auna yaro da yunwa ko da tsoro. Sikelin yakan auna yunwar ya bar yaron."

"Na sha koko," in ji Walida, tana kallon ƙasa. Ita ma an yi mata tarbiyya.

Bunsurun ya buga mana hatimi da goshinsa a jikin bango, ƙofa ta buɗe.

Babbar mai awon wata tsohuwar jar akuya ce, ta rataye tabaranta a ƙaho. Kowa a ofishin Gwaggo yake ce mata. Ta gaishe da Walida kafin ta gaishe ni, abin da na lura da shi na kuma yi niyyar rubutawa. Ta ce, "Zo nan, 'yar gidana, ba zafi." Ta cire mata idanu biyu kamar mai sauke ƙwai daga akurki, ta ɗaga su a haske. A cikinsu na hango wata tururuwa tana hawan dutse a can bayan gari, har da ƙwayar geron da ta ɗauko. Gwaggo ta mayar mata da su. Sannan ta cire kunnuwan, ta ɗauraye, ta kara ɗaya a nata kunnen ta yi shiru. Can ta miƙo mini.

Ashe kunne yana ajiye duk abin da aka taɓa zuba masa. Na ji Suwaiba tana yi mata waƙar raino. Na ji ajinsu yana dariya gaba ɗaya. Na ji wata yarinya tana cewa, "Daƙiƙiya, ba ni hanya." A ƙarƙashin duk wannan akwai wani sauti mai ɗiga jefi-jefi kamar lalataccen famfo: ke, ke, ke. Na ɗan jima kafin na gane muryar.

"Ido lafiya, kunne lafiya," in ji Gwaggo. "Da a nan matsalar take, da tabarau ya gama mana aiki. Da nan muke farawa kullum, don kar a raɗa wa ƙaramin ciwo babban suna."

Sai ga mu a gindin wata tsamiya da ta tsiro da ka, saiwoyinta a sama suna shan ruwan da yake wucewa. An shimfiɗa mini tabarma. Gwaggo ta kwanta tana tuƙa.

"To, Malam, yanzu kai za mu tambaya. Yaushe ta fara magana?"

Na gyara zama, domin an zo fagena. Na ce, "A ƙa'ida yaro yakan soma kalma ɗaya-ɗaya wajen ƙarshen shekararsa ta farko."

"Wane yaro?"

"Yaro dai. Na littafi."

"Allah ya raya shi. Amma ba shi ka kawo mana ba. Ita wannan, tana ƙarama, takan riƙe waƙoƙin gaɗa? Takan juya kalma, ta sa ƙarshe a farko? In an ba ta littafi, me take yi da hannunta? Ciwon ciki yakan kama ta ranar da za a yi karatu a aji?"

Na duba cikin kaina kaf. Na tarar da babi-babi a jere, kowanne da lambarsa, amma babu yarinyar a ko ɗaya.

"'Yar fari ce," na ce.

Gwaggo ta daina tuƙa. "Allah sarki. Mun saba. 'Yan fari sun fi kowa ba mu wahala. Duk gidan ana son su, ba wanda ya gan su. Mu da kuke ce wa marasa kunya, ko a tsakiyar garke na san kukan nawa."

Na ce mata alkunya ginshiƙin al'ada ce. Ta ce ba ta musa ba, ta taɓa ɗanɗana wani littafi a kan haka.

Ɗaki na gaba sikeli ne kawai a cikinsa, irin na masu awon hatsi, amma tsayinsa ya kai rimi. Gwaggo ta ce wa Walida ta ba su labari, kowanne ta ga dama, da bakinta. Walida ta saci kallona. Na juya na fuskanci bango, don ta sake.

Ta fara ba da labarin wata rijiya da ƙishirwa ta kama. Kowa yana zuwa ya ɗebi ruwanta, ba wanda ya taɓa tunanin ya ba ta ta sha. Tana faɗa, rijiyar tana haƙa kanta a tsakiyar ɗakin, da gansakuka a bakinta da sawun guga a jikin itacen. Awakin ofis suka bar aikinsu suka zo suna leƙawa. Ta kawo wani makaho mai jan ruwa, sai ga shi. Ta kawo kurciya, sai na ji iskar fiffikenta a ƙeyata. Ban san lokacin da na juyo ba. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba. Muryarta tana da ɗan kaushi a ƙasa-ƙasa, kuma takan dakata daidai inda ya kamata mai sauraro ya matsu.

Suka tattara labarin suka ɗora a hannu ɗaya na sikelin. A ɗaya hannun suka sa turmi, bai motsa ba. Suka ƙara dutsen niƙa. Suka ƙara bunsurun bakin ƙofa. Daga ƙarshe Gwaggo ta ce, "Malam, bismilla." Na hau. Na yi sama kamar ruwan garin, ni da turmin da bunsurun, muka tsaya can kusa da rufi muna lilo.

"Ƙwaƙwalwa kam yarinyar tana da ita," in ji Gwaggo daga ƙasa. "Yanzu a kawo takarda."

Aka sauke ni, aka miƙa wa Walida littafi. Rijiyar ta rufe bakinta. Kurciyar ta fita ta taga. Yarinyar ta ƙanƙance har kayan makarantar suka yi mata yawa. Suka gwada ta da Hausa, suka gwada ta da Turanci, don kar a ɗora wa baƙon harshe laifin da ba nasa ba. Suka sa ta raba kalma gaɓa-gaɓa da tafi. Sannan wata 'yar akuya ta shigo da kwando a rufe, cike da kalmomin da ba a haifa ba tukuna, masu laushi, ba su da ma'ana ko ɗaya.

"Waɗannan fa?" na tambaya.

"Yaro mai wayo yakan haddace, ko ya canka daga hoto. Wannan kuwa ba wanda ya taɓa jin su, dole sai ya karanta da gaske."

Walida ta ɗauki ɗaya ta zuba mata ido. Leɓɓanta suna motsi. Aka jima. Kalmar ta yi barci a hannunta.

"Ka ga sikelin ɗazu, ka ga na yanzu," in ji Gwaggo. "Wannan ratar da take tsakaninsu, ita muke nema."

"Lalaci ne," na ce.

"To, taso mu je ka ga lalacin. Cire takalminka."

Ta kunnen Walida na hagu muka shiga.

Na yi tafiye-tafiye a rayuwata, har taro na je a ƙasashen da ake sanyi, amma ban taɓa tsayawa a wuri mai faɗin cikin kan yarinyar nan ba. Sama ta yi nisa. Akwai dazuzzuka da ban san sunan itatuwansu ba, akwai garuruwa da fitilu a kunne, can gefe na hango rijiyar ɗazu tana hutawa. A tsakiyar wannan duka wani kogi ya ratsa, baƙi ƙirin, mai ƙarfi, ba ya ƙara.

A gaɓar da muke, haruffa ne a tsaye cikin sahu, shiru, kamar fasinjojin da motarsu ba ta zo ba. A gaɓar can kuwa sautuka ne. Ba su da jiki. Suna ƙyalli kamar makesu, ƙwarin nan masu haske da dare, kowanne yana rera kansa a hankali, duk gaɓar tana amo kamar gidan zuma.

"Kafin a karanta kalma, sai kowane harafi ya haɗu da sautinsa," in ji Gwaggo. "A kan yawancin yara gada ce a nan. Sautuka sukan tsallako a guje, har yaron ya girma bai san akwai kogi ba. A naka kan ma gada ce, Malam. Ba kai ka gina ba, tarar da ita ka yi."

A nan babu gada. Kwalekwale ne guda ɗaya, ƙarami, kuma Walida ce a ciki tana tuƙi.

Kalmar da aka ba ta ita ce makaranta. Ta tsallaka can ta ɗauko sautin farko, ta rungumo shi ta kawo wa harafinsa, suka kama hannu. Ta koma ta ɗauko na biyu. Ruwa yana jan jirgin, tana dannawa. Kafin ta iso da na uku, na farkon ya gaji da jira ya faɗa ruwa ya yi iyo ya koma gida. Daga sama ana jin ajinsu ya riga ya juya shafi. Ta dubi inda na farkon ya koma. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi tsaki ba. Ta juya kan jirgin ta bi shi.

"Tun tana aji ɗaya take wannan fiton," in ji Gwaggo. "Kowace kalma, kowace rana. Dubi tafin hannunta."

Na duba. Kanta ce irin ta masu faskare.

Na tsaya a bakin kogin nan ban san iya lokacin ba. Na ga leburori, na ga masu haƙar rijiya, na ga ɗalibai a daren jarrabawa. Ban taɓa ganin mahaluƙi yana aiki kamar yadda yarinyar nan take yi don ta karanta kalma guda ba.

"Ana iya gina gadar?" na tambaya.

"Ana iyawa. Ba irin taka ba. Ta itace ce, a hankali, sauti ɗaya bayan ɗaya, da malamin da ya san aikin. Kogin ba ya ƙafewa, amma takan daina kwana a cikinsa. Sai dai ba ma kafa ko turke ɗaya sai mai yarinya ya kira ta da sunanta ta fito daga jirgin. Mu mun ga abin da muka gani, amma ba mu muka haife ta ba."

Na matsa bakin ruwa. Na ce, "Ke!"

Wani kwaɗo ya amsa.

Na ce, "Yarinyar nan!" Haruffan suka juyo suka dube ni gaba ɗaya, sannan suka kau da kai don kar in ji kunya.

Na duba hagu da dama, na ga ba kowa sai akuya. Na runtse ido na ce, "Walida!"

Sai ciyawar bakin kogin ta buɗe, 'yan mata suka yi ta fitowa, manya da ƙanana, wasu da goyo, wasu da jakar makaranta, kowacce tana cewa, "Na'am." Duk Walida ne. Kowacce sunan mahaifiyar wani aka sa mata aka rufe. Suka cika gaɓar suna jiran in faɗi aiken. Tawa tana tsakiyar ruwa, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Wannan murfin suna ne, Malam," in ji Gwaggo. "Sunan muke so."

"Kai, wannan."

Daga gaɓar can muryar ta zo. Mahaifiyata ce zaune a kan 'yar tabarmarta, da carbinta, sautuka sun kewaye ƙafafunta kamar 'yan tsaki. Ni ma ɗan fari ne, haka take kirana har ta bar duniya. Na durƙusa.

"Me kake jira?" in ji ta.

"Inna, sunanki ne."

"Na sani, ai ni na fara sa shi. Na gama da shi, a nan ba a tambaya. Kogin nan ma nawa ne. Tare da sunan na bar mata."

"Inna, ai ke kin yi sauka. Har saniya aka yanka."

"Da ka na sauke. Allon riƙe shi kawai nake yi don kar hannuna ya zauna banza. Malaminmu ya rasu bai sani ba, ubanka ma haka. In an biya wa ta kusa da ni, sai in kwashe."

"Amma a zuri'armu..."

"Zuri'ar wa? Kai dai ka yi sa'a ka biyo ta gadar ubanka, shi ne kake tafiya kana buɗa hanci."

Awakin da suka biyo mu suka sunkuyar da kai suna cin ciyawar da babu ita.

Na ce, "Inna, ke ma fa ba ki taɓa kiran sunana ba."

Ta ja carbi ɗaya. "Ban taɓa ba," in ji ta. "Ya yi maka daɗi?"

A lokacin ne ruwan garin ya iso cikin kan. Kogin ya soma tashi sama, ɗigo-ɗigo da farko, daga baya gaba ɗayansa, baƙi, yana sheƙi, da kwalekwalen a bisansa. Walida tana ta tuƙi ba ta lura ba, ta rungume wani ɗan sauti a ƙirji don kar ya jiƙe. Jirgin ya wuce tsayin dabino. Gwaggo ta cire tabaranta daga ƙaho ta sa a ido tana kallo.

"Malam," in ji ta, "in ta shige gajimare, mun tashi daga aiki."

Na cika ƙirjina da iska. Na ji sunan ya taso tun daga cikina, mai nauyi kamar dutsen niƙa, sunan da ban taɓa furtawa ba tun da na yi wayo. Ya wuce ƙirji. Ya iso maƙogwaro. Harafin farko ya hau kan harshena ya tsaya, yana jiran sautinsa.

Sai na ji ƙarar ruwa yana dukan gindin bokitin ƙarfe.

Famfon tsakar gida ne ya kawo ruwa, yana tari yana tofarwa. Ƙasa ruwan yake zuba. Gari ya soma haske. A bayan tagata, kan baranda, muryoyi biyu suna magana ƙasa-ƙasa. Suwaiba takan karanta layi ɗaya, Walida ta maimaita.

"Umma, sake daga farko. Ba sai kin nuna mini da yatsa ba, faɗa kawai."

"Walida, kin san wannan ba karatu ba ne."

"Na sani. Amma in na karanta masa shafin tas, shi ke nan, ba sai an je ba."

"Ke ba kya so a je?"

Bokitin ya kusa cika, ƙararsa ta canza.

"Shi ne ba ya so," in ji ta. "Kunya zai ji a wurin aikinsu. Sake, Umma, kafin ya tashi."

Na tashi zaune. Sunan yana nan inda na baro shi, a kan harshe. Na buɗe baki.

"Ke," na ce.

"Na'am, Baba," in ji ta. "Saura layi biyu."